Goron Washegarin Sallah

Ni na haɗa salular Baba da kalanda, kuma duk wanda ya ce aikin banza na yi, ƙarya yake.

Babana Magaji makaɗin ƴan kokowa ne a Tibiri. Tun ina ƙarama na san yadda ake kiransa wasa. Mutum zai zo ƙofar gida ya durƙusa, ya miƙa goro ƙunshe a ganye, ya faɗi gari da rana. In Baba ya karɓa, magana ta ƙare, ko ana ha-maza ha-mata zai je. In ba zai iya ba, sai ya dafa ƙunshin da yatsa ya ce a yi haƙuri, ba ya ɗauka. Ba a taɓa jin Magaji ya ci goron mutum ya kasa zuwa ba. Ran da aka haife ni ma, in ji Gwaggo Zulai ƙanwarsa, yana Sae Sabuwa yana kiɗa, sai da aka tashi wasa ya biyo amalanke ya dawo ya gan ni. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, Naja'atu, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Amma masu kawo goro sun ragu. Samari ne ke shirya manyan wasanni yanzu, a intanet suke sayar da tikiti, a can kuma suke neman makaɗi. Su buga wa Baba, salularsa na cikin aljihun wata riga ko ba caji, sai su ɗauki wani. Da na gama jami'a a Maradi na dawo gida, na tarar gangarsa ta fi daɗewa a rataye fiye da a kafaɗarsa, har zanzaro ya yi gini a jikin igiyar.

Sai na buɗe masa shafi a wurin da ake sayar da tikitin, na ƙulla shafin da kalandar salula. Duk mai shirya wasa da ya nemi Magaji, abin zai duba kalanda da kansa. In ranar a buɗe take, ya amsa a madadin Baba, da sunana a ƙasan takardar, wasan ya faɗo cikin kalanda, salula ta yi ƙara. In na rufe ranar, ya ba da haƙuri. Ba sai an buga ba, ba sai an jira kowa ba. Kafin damina ta zagayo Baba ya yi kiɗa a Agiye, ya yi a Gidan Rumji, ya sake fatar ganga. Gwaggo ta sa wa salular suna Dillaliya. Duk sanda ta yi ƙara sai ta ce, "Yaya, tashi, Dillaliya ta sayar da kai."

Masu goro kuwa ni nake shigar da su da hannuna. Baba ya karɓa, ya faɗa mini, in rufe ranar.

Azumi bai yi nisa ba Rabo ya zo daga Cadakori. Tsohon ɗan kokowa ne, tun suna samari Baba ke buga masa takensa, wato kiɗan da ake masa shi kaɗai in zai shiga fili. Bayan la'asar ya sauka daga babur ɗin kabu-kabu yana jan ƙafar hagu, ya tsaya ƙofar gida ya ɗaga murya.

"Magaji! Hannun nan na motsi, ko ya koma na tuwo kaɗai?"

"Hannu na nan," in ji Baba. "Ƙafar da kaka ja ce nika tsoro, kada in buga ta cire."

Suka yi dariya har Rabo ya yi tari. Da ya zauna ya fito da goro fari, manya, ya ce zai ajiye walki. Washegarin Sallah zai shiga fili karo na ƙarshe, ya zagaya da takensa, ya kwance walkin fatar da ya yi kokowa da shi duk rayuwarsa ya ɗaura wa ɗansa Sajo a gaban gari. Baba bai bari ya gama ba ya karɓi goron. Da aka sha ruwa aka raba, har maƙwabta suka samu.

"Uwata," Baba ya ce mini, "sa shi cikin abin naki. Ki rufe mini kwana biyu. Wata bai yi lakol ba, bai yi boko ba, bai san kalanda ba."

Kalanda ta nuna Sallah Laraba. Washegari Alhamis ke nan. In ba a ga wata ba aka cika talatin, komai zai matsa, washegarin Sallah ya koma Juma'a. Na san haka sarai, a gidan nan aka haife ni, ba a Faransa ba. Amma na kuma san Hamisu, wani mai shirya wasa a Gazawa, yana haɗa babbar kokowa ranar Juma'ar nan, har daga ƙetaren iyaka za a zo, kuma bai ɗauki makaɗi ba tukuna. Irin wasan da nake so in ga hoton Baba a kansa. Na rufe Alhamis. Na riƙe yatsana a kan Juma'a na ɗan lokaci, sannan na ɗauke.

"Kin rufe?"

"Na rufe, Baba."

Ba a jima ba Dillaliya ta yi ƙara. Gazawa, Juma'a, an amsa. Na gaya wa Baba an samu wasa bayan Sallah, ya ce madalla, bai tambayi rana ba. Tun da na fara aikin nan bai taɓa tambaya ba.

Ran ashirin da tara ga azumi, da magariba, yara suka hau katanga, manya suka fita bakin gari suna duban yamma. Ni ma na fita, ban taɓa neman wata da zuciya ɗaya irin na ranar ba. Gajimare ne kwance a wurin, ja kamar an zuba manja. Rediyo ta ce ba a gani ba a ko'ina cikin ƙasa, a cika talatin. Gwaggo ta yi hamdala, don tela bai gama ɗinkinta ba. Ni kuwa na ajiye kununa na tashi.

Na ɓuya bayan rumbu na buga wa Hamisu.

"Ku ma za ku matsa da kwana guda, ko?"

"Mu matsa ina? Madam, tikiti kwanan wata gare shi, ba ruwansa da wata. An sayar, hoton tsohonki na manne har tasha. Ke kika amsa."

"Ba ni ba ce, na'ura ce."

"To na'urar wa?"

Azumin ƙarshe na yi shi bakina a rufe, ba don ibada ba. Ina ta cewa wata dabara za ta zo. Ba ta zo ba. Sai ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, Baba na zaune da sabuwar riga yana ɗaure igiyar ganga, na durƙusa na faɗa masa duka. Ban ce na manta ba. Ban iya irin wannan ƙaryar ba.

Baba ya ci gaba da ɗaurin igiyarsa. Gwaggo ce ta fara magana.

"Na faɗa muku Dillaliyar nan wata rana sai ta sayar da akuya guda ga mutum biyu."

"Ba laifinta ba ne, Gwaggo. Abin da na ce mata ta yi."

"Ji min yarinya, har yanzu kare ta take!"

Na ce wa Baba ya tafi Cadakori. Ni zan je Gazawa in tsaya bakin ƙofar fili in gaya wa duk mai tikiti cewa Magaji ba ya zuwa kuma ni na jawo. Su zage ni, ba a mutuwa da zagi.

"A'a," ya ce.

"Baba, goro ka ci."

"Na sani, ni na tauna." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Rabo mutum guda ne, kuma nawa ne. Waɗancan taro ne, ba su san ni ba, sunanki ne ƙasan takardar. Ban aika ɗiyata ta tsaya gaban samarin da sun ka biya kuɗin mota tun daga ƙetare. Gazawa za ni."

Na yi gardama har muryata ta tashi, Gwaggo ta daka mini tsawa ta ce ranar Sallah ce. Bai canza ba. Ya ce zai buga wa Rabo waya ya ba shi haƙuri. Na ce a'a, wannan kam ba za a yi shi ta waya ba. Tunda a ƙofar gida aka kawo goro, a ƙofar gida za a mayar. Ni zan kai.

Na Rabo an riga an cinye, don haka da safe na saya wani a bakin kasuwa, fari, manya, na zaɓa ɗaya bayan ɗaya har mai goron ya ce ko na aure ne. Baba ya hau motar Gazawa da gangarsa bai dube ni ba. Gwaggo ta ce ba za ta bar ni in je ni kaɗai in ƙara ɓata abin da bakina ba, ta ɗaura sabon zanenta muka hau kabu-kabu biyu.

Mun tarar da Rabo a ƙofar gidansa kan tabarma, Sajo na shafa masa mai a kafaɗa, dattawa kewaye. Da ya gan mu ya leƙa bayanmu.

"Zulai! Ina kun ka baro shi? Ko gangar ta yi mishi nauyi?"

Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ƙunshin a gabansa. Na faɗi abin da ya faru da ƙarfi yadda kowa zai ji, don kada a ce Magaji ne ya yi. Na ce Baba ya ce in rufe kwana biyu, na rufe guda.

Rabo ya buɗe ganyen da ɗan yatsa, ya duba, ya rufe.

"Wanga ba gorona ba ne, ɗiyar Magaji. Nawa na cikin cikin ubanki."

"Baba Rabo, ka yi haƙuri ka karɓa."

"In karɓi mi? Ɗauki abinki. Magaji na zuwa."

"Yana Gazawa."

"Na ji. Ke kin san shi jiya. Ni na san shi tun bai da gemu. Yana zuwa."

Bayan an sauko Juma'a gari ya fita fili. An share yashi, an yayyafa ruwa, an kawo wa Rabo kujera a ƙarƙashin gawo. Ya zauna da walkinsa a ɗaure, baƙi ƙirin don tsufa, layu na lilo a damtsensa. Samari suka fara kokowa, wani makaɗin garin na yi musu. Gwaggo ta ce mu shiga inuwa wajen mata. Na ce ta je. Na tsaya gefen fili inda kowa zai gan ni, goron a hannuna. Ranar bazara ce, yashi na ratsa takalmi.

Labari ya riga ya zagaya. Wata mai tallan ƙanƙara ta wuce ta ce, "Ƴar lakol, danna abin naki ya fito mana da shi mana." Wata ta ce ai an ce yanzu salula ke kiɗa a gidan Magaji. Wata tsohuwa ta tsaya ta dube ni tun daga kai har ƙafa, ta ce, "Allah sarki, karatu," ta wuce. Ina da amsar kowaccensu, a lakol ma ba a taɓa kayar da ni a baki ba. Na haɗiye. Gwaggo ce ta kasa, na jiyo ta daga inuwa tana cewa wadda ba ta taɓa ƙona tuwo ba ta fito.

Duk motar da ta taso daga hanyar Tibiri sai Rabo ya juya kai. Amalanke ma sai ya juya. Makaɗin garin ya matso ya gwada buga takensa, ya kusa kamawa, Rabo ya ɗaga hannu ba tare da ya dube shi ba. Kiɗan ya mutu.

La'asar ta yi sanyi salulata ta yi ƙara. Baba ne. Bayansa hayaniya kamar kasuwa.

"Uwata, kai mishi a kunne."

Na ratsa fili na durƙusa gefen kujerar, na ɗora wayar a kunnen Rabo. Na ji gangar Baba ta ɗauko taken, ƴar siririya kamar ana buga gwangwani a cikin rijiya, rezo, wato layin sadarwa, na yanke ta tana dawowa. Yatsun ƙafar Rabo suka motsa a cikin yashi, na gani da idona. Sai ya kama hannuna ya janye wayar daga kunnensa.

"Ce mishi shi bari. Kiɗan mutanen da sun ka biya ne, kada shi satar musu."

Na faɗa wa Baba. Sai layin ya katse.

Rana ta kusa faɗuwa Sajo ya sunkuya ya yi wa ubansa magana a kunne. Rabo ya sake duban hanya. Sannan ya dafa gwiwa ya tashi, ya shiga tsakiyar fili yana jan ƙafar hagu, ba ganga, ba kirari. Ana jin kukan awaki daga cikin gari. Bai zagaya ba. Ya tsaya ya kwance walkin, ƙullin ya ba shi wuya har sai da ya sa haƙori, ya ɗaura wa Sajo a ƙugu, ya dafa kan yaron. Wata mata ta ɗauko guɗa, ba wadda ta taya ta, ta sake ta a tsakiya.

Da a ce Rabo ya zage ni da na samu abin riƙewa. Sai ya sa aka kawo mana fura mai sanyi, ya tsaya har muka sha, ya sa Sajo ya nemo mana kabu-kabu. Ya ce, "Ki gai da ubanki. Ki ce na ajiye walki."

Baba ya dawo washegari da hantsi. Na karɓi gangar a ƙofa.

"Ya yi rawa?"

"A'a."

"Ya zagaya?"

"A'a, Baba."

Ya gyaɗa kai ya shiga ɗaki. Bai yi mini faɗa ba, ranar ko bayanta. Wasan Gazawa kuwa ya yi kyau, an ɗauki hoton Baba ana ta yaɗawa, Dillaliya ta wuni tana ƙara, wasanni na faɗowa cikin kalanda da kansu. Gwaggo ba ta ƙara cewa an sayar da shi ba. Na rage ƙarar salular. Ban kwance haɗin ba, kuma ba zan kwance ba, da shi ake cefane a gidan nan. Goron da na saya na ajiye shi a ɗakina, ina yayyafa masa ruwa, ban san don me ba.

Ana cikin haka wani dattijo mai suna Jaye ya zo daga Sae Sabuwa. Garinsu za su yi kokowa washegarin Layya. Ya durƙusa a ƙofar gida yadda aka saba, ya miƙa ƙunshi. Ina tsakar gida ina wanki, ina hango su ta zaure.

Baba ya mayar da hannayensa biyu cikin riga.

"Ni na bar karɓar goro, Jaye. Ku shiga wajen Uwata ta sa ku cikin waya. In ta yi ƙara ina zuwa."

"Haba Magaji, tun zamanin ubana muke kawo maka."

"Goro na mai cika alkawari ne."

Jaye ya tsaya da hannu a miƙe, bai san inda zai kai shi ba. Na ji kunyar da na ji a filin Cadakori ta dawo mini, har ta fi. Na ɗauraye hannuna na yafa mayafi na fito. Na durƙusa gaban Jaye na karɓi ƙunshin da hannu biyu.

"Subhanallahi," in ji Jaye. "Mace?"

"Ɗiyar Magaji," na ce. "Washegarin Layya ka ce?"

Na fito da salula a gabansu na rufe ranar, na rufe wadda ke gabanta, na rufe wadda ke bayanta. Akwai wani wasa na Agiye da ke neman ɗaya daga cikinsu, na ga abin ya ba shi haƙuri da kansa. Na ciro goro guda na ɓare. Ban taɓa son goro ba. Na tauna rabin, ɗacin ya kama mini harshe har idona ya kawo ruwa, na haɗiye.

Ɗaya rabin na ajiye a kan tabarma kusa da gwiwar Baba. Ya dube shi. Jaye ya yi sallama ya tafi yana waiwaye. Na koma kan wankina, na zauna inda zan riƙa hango zauren. Hannayen Baba na cikin riga, rabin goron na fara yin ja a inda na ɓare shi.